Ɗorawar da ba ta cikin ciniki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Suleja, mu uku a tsohuwar motar safiyo, mai auna filin ofishinmu, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Ni ne a gaba, fayil a cinya. A baya akwai Hajiya, matar da ta sayi gonar da za mu je gani, ma'aikaciyar jinya ce mai zuwa aiki Abuja kullum, ta kusa ritaya. Tun da ta shigo motar ba ta ce mini komai ba bayan ina kwana. Ban ga laifinta ba, don ni na ja mata wannan tafiya a Asabar ɗin da ya kamata ta miƙe ƙafa a gida.

Ga waɗanda suka fara bibiyata kwanan nan, sana'ata binciken takardun fili. In mutum zai sayi fuloti ko gona, sai ya kawo mana takardun mai sayarwa, mu bi su da baya-baya daga hannu zuwa hannu, har mu tabbatar ba a sayar wa wani ba, ba a danne wani magaji ba, babu shari'a a kai. A garin da kowane ma'aikacin Abuja ke neman inda zai aza bulo, wannan ba aikin wasa ba ne. Shekarata goma sha tara a ciki, kuma ina ji da idona, ba na ɓoyewa. Na sha gane hatimin bogi tun mai shi bai gama zama a kujera ba.

Bara mai ofishinmu ya kawo manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira. Ana ɗaukar hoton takardu a ba ta, ta karanta, ta jera tarihin fili tun daga farko, ta gwada da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta ja jan layi. Muka raɗa mata suna Sabon Akawu. Da ya zo, boko kam yana shan sa kamar ruwa, amma ajami ya gagare shi. Sai aka ɗauko wani tsohon magatakardan kotu daga Bagama, ya yi wata huɗu yana hawo mana bene da sandarsa da tabaransa, yana karanta tsofaffin takardu yana gyara wa Akawu kure, har da tsawa in ya maimaita kuskure ɗaya sau biyu. Ni ne kan gaba wajen gunaguni cewa ɓata lokaci ne.

To, gonar wannan baiwar Allah ni na duba fayil ɗinta da kaina, na sa hannu cewa lafiya lau. Ciniki ya faɗa, an kafa siminti a kusurwa huɗu, an yi magana da mai katafila zai shiga ranar Litinin ya share wurin tas, za ta gina gidan kaji da ɗan gidan zama. Ranar Alhamis muna zuba tsofaffin fayiloli cikin na'ura don ajiya kawai, sai Sabon Akawu ya ja jan layi a kan aikina.

Ga abin da ya gani. Takardar cinikin farko, lokacin da mahaifin mai sayarwa ya sayi gonar, limamin ƙauyen ne ya rubuta ta da ajami. Daga baya wani ya juya ta zuwa boko da tafireta, ya maƙala a samanta. Dukanmu a wannan sana'a abu ɗaya muke yi: mu karanta ta tafireta, mu ɗaga mu leƙa ta ajamin don mu ga dai tana nan, mu sauke. Shi Akawu bai san wannan gajeriyar hanya ba, ya karanta duka biyun, ya ce ta ajamin ta fi da layi ɗaya. Yana can a gefen takardar, an rubuta shi a tsaye saboda wuri ya ƙare wa liman: ban da ɗorawa biyu, na Talatu ne, ita da 'ya'yanta mata bayanta.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wannan al'ada. Ana sayar da ƙasa a bar itace. Gona taka ce, ka shuka abin da ka ga dama, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta wata ce, ita za ta zo ta kaɗe ta, ta fitar da kalwa ta yi daddawa. Lauyanmu ya ce maganar zamanin da ce, ba lallai ta tsaya a gaban alƙali ba. Akawu kuwa ya ce a hoton sama yana ganin inuwa babba guda ɗaya a bakin gonar, amma ba zai iya cewa ɗorawa ce ba, kuma bai san ko akwai mai ita a raye ba, sai an je an gani. Na kwana biyu abin yana cina. In akwai wadda ke ci daga itacen nan, ranar Litinin za a tuge shi ne da sa hannuna.

Mun wuce Maje gari bai gama wayewa ba, tankokin mai sun yi layi a gefen titi, direbobinsu suna alwala da buta a gindin taya. A Diko muka tsaya shan koko. Ƙosan yanzu sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an ba shi aiki, amma mai suyar ta rantse mini girmansa bai canza ba, bakina ne ya ƙaru. Safiyo ya sha kofi biyu ya ce na hanya ne.

Daga nan abin da ke cika ido allunan masu sayar da fuloti ne. Kowane allo da hoton gida mai bene, da fitilu, da ciyawa kore shar, har da wurin ninƙaya. In ka leƙa bayan allon, jiɓa ce da busasshiyar ciyawa da akuya ɗaya tana kallonka. Can kuma ga katanga rabi, an rubuta mata da jan fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, mai saye ya yi hattara. Sauran matafiya gidaje suke hangowa a wuraren nan. Ni ciwon sana'a ya sa shari'o'i nake gani a jere, har ina iya faɗin wadda za ta fara shiga kotu.

Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma sai ka riƙe kanka da hannu kada ya bugi rufi, ga tireloli ba sa kauce wa kowa. A gadar Gurara ta Izom ruwa ya ja baya sosai, duwatsu sun fito, mata na wanki suna shanya a kansu. Lambata kuwa ta cika maƙil da doya da mangwaro. Matan Gbagyi na shigowa kasuwa da kaya a kafaɗa, suna tafiya a miƙe, ko nishi babu. Mangwaron nan da ake ja mana rai a kansa a Suleja, a nan roƙonka ake ka ɗauka da kwando. Hajiya ta sa aka buɗe mata ƙofa ta sauka, ta yi ciniki irin na wadda ta saba da masu taurin kai a ɗakin marasa lafiya, ta dawo da kwando biyu. Cinikin ne ya buɗe mata baki.

"Oga, ni fa ban gane ba," in ji ta. "Kai ka ce mini fayil ɗin kilin ne. Yanzu kwamfuta ta ce no, shi ke nan sai ka bi kwamfuta?"

Na ce, "Hajiya, ba kwamfuta na bi ba, takarda na bi. Ita dai ta riga ni gani."

"Shekara nawa ka ce kana wannan aikin?"

Na faɗa mata. Ta ce hmm, ta ciro mangwaro ɗaya ta miƙa wa safiyo, ni ba ta ba ni ba.

Bayan Gawu Babangida muka saki kwalta muka shiga jar hanya. Nan take sabis ya ɗauke, rana kuma ta fara nuna mana cewa bazara ce. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, wasu an riga an tara tulin doya, jere-jere har iyakar gani. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne buhunan gawayi. Kowace 'yar mararraba sai ka ga an jingine su tsaye, an toshe bakinsu da ganye, suna jiran motar birni. Na riƙa ƙirga itatuwan da suka rage a gonaki har na gaji na daina.

Mai sayarwa dattijo ne siriri mai fara'a, ya tarbe mu a ƙofar gida kamar 'ya'yansa ne suka dawo daga nesa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwan randa da kunun dawa a ƙwarya, mai tsami daidai. Gaisuwa ta ɗauke mu lokaci: gida, iyali, zafi, hanya, Suleja, har da Abuja ya tambayi lafiyarta. Sai da aka gama na ce, "Baba, gonar muka zo sake gani, akwai 'yar magana a kan itace." Fara'ar ba ta tafi ba, amma ya daina kallon idona. Ya ɗauki hularsa ya shige gaba.

Tafiyar ba nisa. Abin da muka fara tararwa kututture ne, faɗinsa ya kai a shimfiɗa sallaya a kai, gefensa baƙi da toka. Dattijon ya ce da kansa, ba wanda ya tambaye shi, ɗaya ce daga ɗorawa biyun, wai ta fara bushewa ne shi ya sa ya bar wa masu gawayi shekara biyu da suka wuce. Ɗayar kuwa tana nan tsaye, ƙatuwa, ta baza rassa, taku kaɗan daga simintin da safiyonmu ya kafa, ta cikin gona. Safiyo ya buɗe zanensa ya nuna mini da yatsa. Daidai nan aka zana babbar ƙofar da motar abincin kaji za ta riƙa shiga.

A gindinta akwai wata tsohuwa da doguwar gora mai ƙugiya a kai, tana saƙalo 'ya'yan itacen tana fizgowa. Ta tara tuli biyu a kan zani. Da na matsa na ga duk kore ne, ɗanyu, irin wanda ake kira garda. Ɗorawa sai ta yi ja ta bushe ake kaɗe ta, sannan garin ya yi zaƙi, kalwar ta ƙosa. Na ɓare ɗaya na sa a baki don in tabbatar, ya ɗaure mini harshe har na rasa inda zan tofar a gaban mutane.

Hajiya ce ta fara magana. "Sannu, Iya. Me ya sa kike tsinke ta ba ta nuna ba? Ai asara ce."

"Asara ce," in ji tsohuwar, ba ta sauke gorar ba. "Amma in na shanya wata za ta yi. Jibi katafila za ta zo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini komai. Na ga siminti, na tambayi masu wucewa."

Na ce, "Iya, ko kin san wata Talatu?"

Sai a sannan ta juyo ta dube ni sosai. Ta ce uwarta ce, ta rasu tun tuni. Ita ke kaɗe itatuwan nan tun tana bin uwar da ƙwarya, da daddawarsu ta aurar da 'ya'ya mata biyu, kuma da ita take sayen gishiri da sabulu har yau. Na buɗe fayil, na ɗaga takardar tafireta, na karanta mata layin liman da ƙarfi. Ajamina ba na nuna wa tsara ba ne, amma layin nan na haddace shi. Ta ce in sake. Na sake. Ta matso ta duba takardar, duk da ba ta karatu, ta tambaye ni wane wuri ne sunan. Na ɗora yatsa a kai. Ashe duk tsawon rayuwarta ba ta san an taɓa rubuta maganar ba, ta ɗauka alheri ne ake yi mata ana barinta ta shiga.

Dattijon ya tsuguna ya kama wasa da ƙasa. Ya ce, "Na sani, ba zan ce ban sani ba. Babana ya faɗa mini. Na ɗauka in takardar gwamnati ta shigo, irin wannan magana ta mutu ke nan." Ban iya yi masa faɗa ba. Abin da ya yi da baki, ni na yi shi da biro.

Hajiya ta ce to a sayar mata da itacen, a wuce wurin. Tsohuwar ta girgiza kai, ta ce ba nata ba ne ita kaɗai, akwai na bayanta, ta koma ga gorarta. Na ja Hajiya gefe na gaya mata gaskiya duka: kuskuren nawa ne, lauya yana ganin in ta tuge itacen da wuya a iya yi mata komai, kuma ba ni da ikon hana ta. Ta dube ni kamar za ta yi mini allura. Sannan ta tafi ita kaɗai, ta zagaya gonar tun daga wannan siminti har wancan, cikin ranar nan, da takalmin ofis. Mu muka tsaya muna jin ƙarar ƙugiya da faɗuwar garda. Ban taɓa jin minti goma masu tsawon waɗannan ba.

Da ta dawo ba ni ta yi wa magana ba. "Safiyo, fitar da ita daga katanga. Ka bar mata hanya daga titi, wadda mutum da kwando zai wuce. Get ɗin a mai da shi can ƙasa." Safiyo ya ce can ƙasan akwai gangare, sai an yi ciko. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce. Sai ta juyo gare ni: "Kai kuma Oga, wallahi ka ja mini aiki."

Nan da nan safiyo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya auna da'ira har iyakar inuwar itacen, ya buga turaku. Na je na yi wa tsohuwar bayani dalla-dalla. Na yi zaton za ta yi guɗa. Ko kusa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Waɗanda suka sare waccan ma sai da suka ce reshe kawai za su rage." Ta ɗaga gorarta ta ci gaba da fizgo ɗanyu. Har muka juya mota ina hango ta ta madubi, ba ta tsaya ba.

A gidan dattijon an riga an tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka, kuma ba yadda za a yi baƙo ya tafi bai ci ba. Miyar ta ji daddawa har ƙamshinta na bin hannu. Ba wanda ya tambayi daga ina daddawar take, kowa ya sunkuyar da kai ya ci. Na karɓi lambar wayar dattijon, ya ce sabis na kamawa a bakin masallacinsu in mutum ya tsaya a kan dakali.

Dawowa ta fi zuwa sauri, ko don an rage nauyin zuciya ne. A Lambata Hajiya ta miƙo mini mangwaro ɗaya ta bayan kujera, na karɓa. Ba mu wuce gida ba, ofis muka nufa, na buɗe shi da mabuɗina. Safiyo ya gyara zane. Ni na zauna na rubuta sabuwar yarjejeniya, na sa layin liman a tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, ba a gefe ba, da sunan Talatu da 'ya'yanta mata. Hajiya ta karanta sau biyu ta sa hannu, ta kira mai katafila a gabana ta ce in ya taɓa ko ganye ɗaya na itacen nan su biyu ne. Na ba Sabon Akawu takardar ya karanta, bai ja jan layi ko ɗaya ba.

Na isa gida ana shirin kiran magariba, ƙura har cikin kunne. Zan faɗa muku abin da na ji ba tare da kunya ba: alfahari na ji. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman shagon mai faci, fanka ɗaya ce ke aiki, amma a nan ne na'ura ta koyi karanta hannun limamin ƙauye, kuma tsohon Bagama ne ya koya mata, ba wani baƙo daga nesa ba. Gobe zan je har gida in gaishe shi, in janye gunagunina. Tafiyar ta nuna mini cewa Akawu ya fi ni haƙurin karatu, ba ya tsallake shafi don ya saba. Amma iyakarsa jan layi. Shiga jar hanya, da tsayawa gaban mutum a ce masa na yi kuskure, da zagaya gona cikin rana a yanke shawara, wannan har yanzu namu ne. Abokan sana'ata, ku riƙa ɗaga takardar tafireta ku karanta ta ƙasa.

Ina cire takalmi na kira dattijon. Ya ce in jira, ya aika a kira tsohuwar. Na ji iska, na ji kaji, na ji ana cewa hau nan, hau dakalin. Sai muryarta ta fito da ƙarfi, irin na wanda bai saba da waya ba.

"An rubuta?"

Na ce, "An rubuta, Iya." Na karanta mata daga hoton da ke wayata.

"Matar ta sa hannu?"

"Ta sa. Da idona na gani."

Sannan na ji ta, ba da ni take ba, da wani a gefenta take: "Je ka ɗauko mini gorar nan daga gindin itace. Sauran a bar su su nuna."